Ana Canza Aboki, Ba A Canza Maƙwabci

Jama'a masu karatu, musamman iyayenmu mata da ƴan'uwanmu ƴan kasuwa na ƙasar Arewa, daga Sukukutane da Dogon Kirya da Matankari har zuwa Dogon Dutsi da Kore Mairuwa da Tibiri, yau wannan fili zai taɓo maganar da wasu ke cewa ta fi ƙarfin talaka, wato maganar ƙawance da tsaro tsakanin ƙasarmu da maƙwabtanta. Sukan ce wannan zancen janar-janar ne da ministoci da jakadu, babu ruwan mai awon gero. To, shekarun nan da suka wuce sun nuna mana cewa da ruwanta ƙwarai. In manya sun sa hannu a takarda a Yamai ko Abuja ko Bamako, mai tallar albasa ce take fara jin nauyin takardar a kanta, sai direban da ya kwana a bakin iyaka, sai magidancin da ya kai rago kasuwa ya komo da shi gida. Wanda kuwa yake biyan kuɗin abu yana da ikon ya sa baki a cinikinsa.

Ra'ayin wannan jarida a fili yake. Nijar ƙasa ce mai ƴancin kanta, tana da ikon ta zaɓi abokan da take so, ta sallami waɗanda ba ta so. Amma aboki daban, maƙwabci daban. Aboki kai ke zaɓensa, maƙwabci kuwa Allah ne ya ajiye maka shi, ko kuna shiri ko ba ku shiri, katangarku ɗaya. Tsaron ƙasar Arewa da abincinta suna rataye da kudu, wato Najeriya da Benin, kuma muddin Yamai da Abuja ba su tsare iyakarsu tare ba, babu wani sabon ƙawance, komai ƙarfinsa, da zai sa matar Sukukutane ta tafi kasuwa ta dawo hankali kwance.

Bari mu tuna wa juna yadda aka zo nan. Ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum, Janar Abdourahamane Tiani ya hau mulki. Kwana huɗu bayan haka shugabannin ƙungiyar CEDEAO, wadda ƴan Najeriya ke kira ECOWAS, suka taru a Abuja suka ƙaƙaba mana takunkumi. Aka rufe iyakoki, aka tsayar da hulɗar kuɗi, aka ba sojoji wa'adin mako guda su mai da mulki ko a zo da yaƙi. Najeriya ta yanke wutar lantarkin da ke zuwa mana ta Birnin Kabi, wadda a lokacin ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da muke sha. Magani ya yi wuya a asibitoci, shinkafa ta hau, motocin kaya suka yi layi a Malanbil har kayan gwari suka ruɓe a ciki. Ba a ɗage takunkumin ba sai ranar 24 ga Fabrairu 2024, kuma sai cikin watan Maris na shekarar aka sake buɗe iyakarmu da Najeriya. Kusan wata takwas ke nan.

A cikin wannan zafi ne Nijar ta juya ga Mali da Burkina Faso. Ranar 16 ga Satumba 2023 ƙasashen uku suka kafa ƙawancen ƙasashen Sahel, wato AES, bisa alkawarin cewa wanda ya taɓa ɗaya ya taɓa duka. Ranar 28 ga Janairu 2024 suka ce sun fita daga CEDEAO, ƙungiyar da Nijar na cikin waɗanda suka kafa ta a Legas a 1975, fitar kuma ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025. Sojojin Faransa, kimanin 1,500, sun gama tafiya a Disamba 2023. Masu horar da soja daga Rasha sun sauka Yamai a Afrilu 2024, sojojin Amurka suka gama kwashe kayansu a Satumba na shekarar. A Disamba 2025 kuma aka ƙaddamar da rundunar haɗin gwiwa ta AES mai soja 5,000 a birnin Bamako.

Ba mu ce wa kowa ya manta da azabar takunkumi ba. An cuce mu, kuma talaka aka cuta, wanda bai yi juyin mulki ba, ba a kuma yi shawara da shi ba. Amma adalci shi ne mu tuna su wa suka tare hanyar yaƙi a watan Agusta 2023. Sanatocin arewacin Najeriya sun ce ba su yarda ba, majalisar dattawan ƙasar ta ƙi goyon bayan amfani da ƙarfi. Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar da tsohon shugaba Abdulsalami Abubakar sun zo Yamai har sau biyu. Muhammadu Sanusi na biyu, wanda a lokacin yake tsohon Sarkin Kano, ya zo. Malamai ƙarƙashin Shaihu Abdullahi Bala Lau sun zo sun zauna da Janar Tiani. A Kano jama'a sun fito kan titi suna cewa ba za a yaƙi ƴan'uwansu ba. Gwamnati ce ta rufe ƙofa, mutanen gidan ba su juya mana baya ba.

Yanzu mu ɗauki taswira mu duba. Sukukutane tana arewacin gundumar Dogon Dutsi, inda jihar Doso ta jingina da jihar Tillaberi. Daga garin Dogon Dutsi zuwa iyakar Najeriya kimanin kilomita 40 ne, zuwa Yamai ya kusa 280, Bamako kuwa sai an yi tafiyar kwanaki a mota. Iyakarmu da Najeriya ta kai kimanin kilomita 1,500, ita ce mafi tsawo a duk iyakokinmu. Kuma wannan layi ba kakanninmu suka ja shi ba. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta bi ta tsakiyar Dallol Mawri, sannan ta zana da'ira mai nisan mil 100 kewaye da birnin Sakkwato. Aka gyara a 1904, aka sake gyarawa a 1906, kafin a kafa duwatsun iyaka. Haka aka raba Arawa gida biyu. Shi ya sa har gobe akwai ƙaramar hukumar Arewa a jihar Kabi, mai hedkwata a Kangiwa, dangi ɗaya da mutanen Matankari da Lugu. Wadda ta aurar da ɗiyarta a Kangiwa, da wanda abokin cinikinsa yake Bachaka ko Kamba, ba su bukatar a koya musu ma'anar siyasar waje, domin a cikinta suke kwana suke tashi.

Abin takaici shi ne, ɓarayi da ƴan ta'adda sun fi gwamnatoci amfani da wannan taswira. Wutar da ta taso daga iyakar Mali ta daɗe tana gangarowa. Ba mu manta da ranar 15 ga Maris 2021 ba, da aka tare motocin da ke komowa daga kasuwar Banibangu, aka kuma afka wa ƙauyukan yankin, mutum 58 suka rasu, da yawansu ƴan cin kasuwa kamar ku. Kwana shida bayan nan aka kashe mutum 137 a ƙauyukan Tilliya cikin jihar Tawa. Masu bin diddigin harkar tsaro sun daɗe suna nuna cewa ƴan bindiga a kan babura suna ratsa dajin da ke tsakanin Abala da arewacin Dutsi da Ƙonni, suna sauka dazuzzukan Tangaza da Gudu a jihar Sakkwato. Ƙauyukan arewacin gundumarmu, su Sukukutane da Dogon Kirya, suna bakin wannan hanya.

A can ƙetaren ana kiran waɗannan mutane Lakurawa, kuma labarinsu darasi ne. Wajen 2017 da 2018 wasu shugabannin al'umma a Gudu da Tangaza suka nemi taimakon baƙi masu makamai don su kore musu ɓarayin shanu. Da farko sun kori ɓarayin. Daga baya suka zauna, suka fara karɓar dabbobi da sunan zakka, suna yanke hukunci, suna yi wa mutane bulala. A Nuwamba 2024 suka kora shanun mutanen Mera a ƙaramar hukumar Augie ta jihar Kabi, mutanen gari suka bi sawu, aka kashe 15 daga cikinsu. A wannan wata hedkwatar tsaron Najeriya ta faɗa da bakinta cewa tsayawar sintirin haɗin gwiwa a kan iyaka bayan juyin mulkin 2023 ita ce ta ba su ƙofa. A Janairu 2025 kotun tarayya a Abuja ta ayyana su ƴan ta'adda. A namu ɓangaren kuwa, a watan Yuni 2024 an kashe sojojinmu shida masu gadin bututun mai kusa da ƙauyen Salkam, a yankin Tibiri. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kowane ɗan kasuwa ya san yadda abin ke tafiya. A sace shanu a nan, kafin gari ya waye sun ƙetare, a sayar a kasuwar can. A sace mutum a can, a ɓoye shi a dajin nan. Sojanmu in ya biyo ɓarawo ya iso dutsen iyaka dole ya tsaya, haka ma sojan Najeriya, ɓarawo kuwa wucewa yake yi. Rundunar AES tana iya aiki a Tera ko Menaka ko Dori, kuma muna yi mata fatan nasara, domin in an kashe wutar daga tushe mu ma mun huta. Amma ba ta da ikon taka dajin Tangaza, kamar yadda sojan Abuja ba shi da ikon taka dajin Dogon Kirya. Wannan rami da ke tsakani ba mai cike shi sai Nijar da Najeriya su biyu.

Maimakon haka me muka gani? Ranar 25 ga Disamba 2024 Janar Tiani ya yi hira da Hausa a gidan talabijin na ƙasa, ya zargi hukumomin Najeriya da haɗa baki da Faransa don a dagula Nijar. Mai ba shugaban Najeriya shawara kan tsaro, Nuhu Ribadu, ya mai da martani, shi ma da Hausa, ya ce ba haka ba ne. A ƙarshen Maris 2025 Nijar ta janye daga rundunar haɗin gwiwa ta yankin tafkin Cadi, inda sojojin ƙasashen biyu suka yi shekaru suna yaƙar Boko Haram tare. Ranar 25 ga Disamba 2025 kuwa Amurka, wadda muka sallami sojojinta daga Agadas, ta harba makamai cikin jihar Sakkwato da yardar Abuja, nan bayan katangarmu. In maƙwabta ba su tsare dajinsu ba, na nesa zai zo ya tsare musu yadda ya ga dama, bam kuwa ba ya tambayar takardar ɗan ƙasa. Alƙalancin wane ne mai gaskiya tsakanin manyan nan ba aikin wannan fili ba ne. Abin da muka lura da shi shi ne sun yi musunsu da Hausa, babu tafinta, duk kasuwa ta ji. Harshen da ya isa a yi faɗa da shi ya isa a yi sulhu da shi.

Mu komo kasuwa. Wannan ba shi ne karo na farko da aka mai da iyaka bulala ba. A Afrilu 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Najeriya ana cikin fari, ba a buɗe ba sai 1986, kuma har yau a wasu yankunan ƙasarmu da sunan Buhari ake kiran yunwar wannan lokaci. A Agusta 2019 aka sake rufewa saboda fasa-ƙwaurin shinkafa, sai Disamba 2020 aka buɗe. Sai kuma 2023. Sau uku cikin shekara arba'in, kuma duk sau ukun kaya ba su daina wucewa ba, sun dai bar kwalta sun shiga daji. Mai babban jari ya samu wanda zai share masa hanya. Mai ƙaramin jari, wadda buhu biyu ne duk dukiyarta, ita ce ta biya mai babur ninki biyu, ta biya masu tare hanya, wani lokaci ta rasa kayan gaba ɗaya. Kuma hanyar dajin da aka buɗe don shinkafa da mai, ita ce bindiga ke bi daga baya.

Farar albasar Sukukutane, da dankalin Dutsi, da waken Arewa, da ragunan da ake turkewa don layya, duk kaya ne masu neman baki da yawa, bakunan kuwa suna kudu, a Sakkwato da Kano da Legas da Kwatano da Akara. Mali da Burkina ƴan'uwa ne, amma abin da muke nomawa shi suke nomawa, abin da muke kiwo shi suke kiwo, kuma su ma ba su da bakin teku. Najeriya kuwa tana da mutum fiye da miliyan 200. Shi ya sa duk abin da ya taɓa naira yake taɓa mu. Da Shugaba Bola Tinubu ya cire tallafin mai a Mayu 2023, naira kuma ta faɗi, jakar sefa ɗaya da ake canzawa naira dubu da ƴan kai ta haura naira dubu biyu a 2024. Dabbobinmu suka yi wa dillalin Najeriya tsada, man ƴan ruwa-ruwa da muka saba saye a bakin hanya ya daina araha, har aka ga dogayen layuka a gidajen mai a Maris 2025.

Sai maganar Benin. Kafin 2023 kusan kashi 80 cikin 100 na kayan da Nijar ke shigowa da su ta teku, ta tashar Kwatano suke biyowa, su hau gadar Malanbil zuwa Gaya, su iso Doso. Da aka ɗage takunkumi a Fabrairu 2024 Benin ta buɗe nata ɓangaren. Yamai ta ce ba za ta buɗe ba saboda tsaro, tana zargin akwai sansanonin Faransa a arewacin Benin, zargin da hukumomin Benin suka musanta. Shekarar 2024 ta ƙare gada tana toshe, 2025 ma haka. Kaya suka koma bin Lome, su ratsa Burkina ta Kaya da Dori zuwa Tera, cikin ayari da rakiyar soja, a yi makonni ana jira. Kuɗin jiran nan duk a kan kwanon shinkafa da sabulu da sukari yake ƙarewa. Fasinja da ƙananan ƴan kasuwa suka koma kwalekwale, a sauke kaya a ɗora, a biya nan a biya can. A daidai wannan lokaci ɗanyen man Agadem yana bin bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000, ta cikin jiharmu ta Doso, har bakin teku a Seme cikin ƙasar Benin ɗin nan. Jirgin farko ya yi lodi a Mayu 2024. An yi rikici a kansa, tsofaffin shugabannin Benin Nicéphore Soglo da Boni Yayi suka zo Yamai a Yuni 2024, daga baya lodi ya ci gaba. In an iya samar wa mai hanya, ana iya samar wa albasa.

Mu kuma faɗa wa namu gaskiya. A Oktoba 2024 gwamnati ta hana fitar da gero da dawa da masara da shinkafa da wake, in ban da zuwa Mali da Burkina. A Mayu 2025 aka hana fitar da dabbobi gab da babbar salla. Niyyar mai kyau ce, a sauƙaƙa wa mai saye a gida. Amma manomin wake na Arewa da matar da ta yi wata shida tana ba rago dusa, waɗanda suka ci bashi suna jiran mai saye daga kudu, su ne suka ɗauki asarar. Doka irin wannan in za a yi ta, a sanar da wuri, a faɗi ranar ƙarewarta, a kuma zauna da masu kayan tukuna.

Akwai kuma ƴaƴanmu da ke tafiya bida. Yarjejeniyar CEDEAO ta 1979 ce ta ba ɗan Nijar damar shiga Legas ko Akara ko Abijan ba biza har kwana 90. Da muka fita, AES ta ce a Disamba 2024 ƴan ƙasashen CEDEAO za su ci gaba da shigowa ba biza, ita ma CEDEAO ta ce a Janairu 2025 za ta ci gaba da karɓar fasfo da katin ɗan ƙasa na mutanenmu har sai ta sanar da wani abu dabam. Mun gode wa duka biyun. Amma alkawarin da aka rataya da "sai an ga hali" ba abin da za a gina jari a kansa ba ne. Ana bukatar yarjejeniya a rubuce, wadda ɗan kasuwa zai iya nuna wa ma'aikacin kan iyaka.

Ba a rasa inda za a dafa ba. A Agusta 2024 babban hafsan tsaron Najeriya na lokacin, Janar Christopher Musa, ya zo Yamai ya gana da takwaransa Janar Moussa Salaou Barmou, suka sa hannu kan komawa aikin tsaro tare. A Afrilu 2025 ministan harkokin wajen Najeriya Yusuf Tuggar ya zo ya zauna da namu, Bakary Yaou Sangaré, suka yarda a farfaɗo da hukumar haɗin gwiwa ta ƙasashen biyu, wadda aka kafa tun 1971, hedkwatarta kuma tana nan Yamai. Tun kafin nan ma, a Satumba 2019, gwamnonin Katsina da Sakkwato da Zamfara sun je Maradi sun ƙulla yarjejeniyar tsaro da gwamnan jihar. Takardu suna nan, aiki ake jira.

Saboda haka wannan jarida tana kira ga hukumomi da abu huɗu. Na farko, a mai da sintirin haɗin gwiwa a layin da ya tashi daga Ƙonni ya biyo Dan Kasari da Tibiri har Gaya, kuma kwamandan nan ya kasance yana iya kiran kwamandan can a waya cikin dare ba sai an nemi izinin babban birni ba. Na biyu, gwamnonin Doso da Tawa da Kabi da Sakkwato su zauna kamar yadda aka yi a Maradi, kuma a zaman a sa kujerar sarakuna, da sarakunan kasuwa, da shugabannin dillalan dabbobi, da ardon Fulani, da shugabannin ƙungiyoyin mata, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A nan ne za a tsara yadda ba za a sayar da saniya a kasuwannin iyaka ba sai da shaidar inda ta fito. Na uku, Nijar da Najeriya da Benin su rubuta cewa komai tsananin saɓani, ba za a sake mai da abinci da magani da wutar lantarki da gadoji makamin faɗa ba. Na huɗu, a rage shingayen da ke kan hanyoyin kasuwa, kuma duk kuɗin da duwan ko jandarma ya karɓa ya ba da rasit, domin mai kaya in an gallabe ta a kwalta, daji za ta koma, a daji kuwa wasu ne ke karɓar haraji.

Ku kuma ƴan kasuwa, akwai naku rabon aikin. Saniyar da aka kawo da dare a rabin kuɗinta, wanda ya saya ya san abin da ya saya, kuma kuɗinsa harsashi zai zama. Baƙon da ya zo da jarkoki yana neman mai da yawa, ko yake kwasar burodi da magani da katin waya da ya fi ƙarfin gida ɗaya, a sanar da mai gari cikin hikima. Mun san akwai tsoro, shi ya sa dole hukuma ta rufa asirin mai kawo labari. Kada wani gari ya yi kuskuren da aka yi a Gudu da Tangaza, ya gayyato mai bindiga don ya kore masa mai bindiga. Kada kuma a ɗora laifin ƴan ta'adda a kan kabila guda. Bafulatanar da ke kawo muku nono da Buzun da ke kawo muku kanwa su ma ana kore musu dabbobi, kuma ranar da kuka daina ciniki da su kun rufe idon da ke ganin daji. Saƙon murya da ke yawo a WhatsApp yana zagin mutanen wata ƙasa, kada ya wuce ta wayarku. Ku fita kasuwa tare, ku komo da sauran rana, ku riƙa tafiya da katin ɗan ƙasa. Ɗan Najeriya ko ɗan Benin da ya zo sayen albasa ku karɓe shi da mutunci, don ɗanku yana can a rumfar wani a Legas ko Kwatano.

Mulki yana zuwa yana wucewa, ƙungiyoyi ana kafa su ana rushe su. Mun ga zamanin Kountché da Buhari, mun ga takunkumi ya zo ya tafi, amma Kangiwa tana nan inda take, Matankari tana nan inda take. Addininmu ya girmama haƙƙin maƙwabci, al'adarmu ta ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Muna roƙon shugabanni a Yamai da Abuja da Kwatano su duba wannan. Allah ya ba su ikon jin kukan talaka, ya jiƙan sojojinmu da ƴan'uwanmu da suka rasu a hanyar kasuwa, ya zaunar da ƙasar Arewa da Nijar da maƙwabtanta lafiya, ya sa albarka a cinikinku. Amin.